Ranar da Shugaba Ya Riƙe Rimot

Mai yiwuwa na haɗa abubuwan da ba a mako ɗaya suka faru ba, kuma ba zan rantse a kan kowace kalma da na sa a bakin mutane ba. Abin da na tabbata shi ne lokacin zafi ne, kuma a unguwar Ain Khaled ne a Doha, a falon da 'yan ƙungiyarmu ta 'yan Arewa ke taruwa ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

A lokacin na gama digiri na biyu, ina jiran amsar ko zan ci gaba. Duk Asabar nakan tara 'ya'yan 'yan ƙungiya a falon mu yi karatu. Kantar littattafai ɗaya gare mu. A ciki akwai wasu littattafan Turanci na labaran ban tsoro, masu zanen baƙi da fari, waɗanda wata baiwar Allah ta bar mana da za ta koma gida. Ban ce kowa zai so zanen ba. Ni kaina akwai shafin da nake wucewa da sauri. Amma saboda su yaran ke zuwa. Yaran da a gida sai an ƙwace waya a hannunsu, a nan faɗa suke kan wa zai fara karantawa.

Sai shugabanmu, wani dattijo Bakano da ya daɗe a Doha kuma ba ya barin kowa ya manta da hakan, ya ci karo da guntun wani fim na bincike a waya. Fim ne kan irin waɗannan littattafai, da yadda wasu iyaye a ƙasar Turawa suka tashi haiƙan sai an fitar da su daga makarantu. Ya turo mana guntun, ya rubuta a ƙasa cewa ko Turawan ma sun farga. Ya ce Juma'a za a kalli fim ɗin gaba ɗaya, sannan a yanke hukunci kan kantar.

Na nemo shi na kalla tun kafin ranar, har na maimaita don kada in yi masa mummunar fahimta. A iya ganina, bayan littattafan yake. Yawancin masu magana ma'aikatan ɗakin karatu ne, da manyan da ke cewa waɗannan labarai ne suka sa su son littafi. Don haka na je da kwanciyar hankali.

Abin da ban yi tunaninsa ba shi ne rimot. Al'adar falon ce, in ana kallo a taro, babba ke riƙe shi: kiɗa ya taso ya kashe sauti, mace ta fito kai a buɗe ya tsallake. Ba ni da ƙorafi a kai, a labarai ko ƙwallo ba a rasa komai. Sai dai a wannan fim kusan duk ma'aikatan ɗakin karatun mata ne, kuma duk wanda zai faɗi alherin littattafan sai an sa masa kiɗa a hankali a ƙarƙashin maganarsa.

Shugaba ya gyara zama, ya ɗaga rimot kamar alƙali. Ya danna, ya danna, ya danna. Abin da ya rage mana shi ne wani ƙaton mutum yana dukan tebur a taron makaranta, sai zanen da ke bayyana ɗif babu sauti. Fim ya ƙare shayinmu bai huce ba.

“To, kun gani da idonku,” in ji shi.

Wani Bazazzagi abokin wasansa ya ce, “Alhaji, ni dai babban yatsanka kawai na gani. Wallahi ya yi aiki.”

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Na ɗaga hannu.

“Ranka ya daɗe, in ban yi kuskure ba, waɗanda aka tsallake su ne suka yi bayanin amfanin littattafan.”

“Wato Malam, so kake mu zauna da Juma'ar nan mu zuba wa matan mutane ido?”

“A'a, ko a rufe hoton a bar sautin.”

“Sautin mai kiɗa? Khalas, magana ta ƙare. Yalla, maza a kawo kwali.”

Haka aka kwashe littattafan, ya sa a bayan motarsa. Bai buɗe ko ɗaya ba.

Asabar ɗin da ta biyo ya zo da kansa, wai zai nuna mini yadda ake ba yara labari mai tarbiyya irin na gida. Ya ba su na mayyar unguwarsu da ke kama kurwar yaro ta ɓoye a tulu, har da kwaikwayon nishin yaron, ya kuma rufe da cewa ba tatsuniya ba ce, ya san gidan. Littattafan nan ko banza akan rufe su a mayar kanta. Wannan kuwa yaran da shi suka tafi gida.

Washegari iyaye mata suka yi ta kira. Ni suka kira, tunda ajina ne. Wata daga unguwar Al Thumama ta ce 'yarta ta ƙi shiga kicin saboda tulun turaren wuta, kuma ba za ta sake turo ta ba. Sauran kuwa daina turo yaransu kawai suka yi. Na yi ta buɗe falon ina zama ni kaɗai da na'urar sanyi, har na haƙura. Kantar yanzu kofunan shayi ake jerawa a kai. Na ji an ce Shugaba na yawan faɗa a taro cewa yaran zamani ba sa son karatu.

Ba ni kaɗai ne a falon ba ranar kallon fim ɗin. Duk wanda ya ga inda na ƙara ko na rage, don Allah ya aiko in gyara, ko da Shugaba ne da kansa. In kuma akwai wanda ya san inda kwalin ya kwana, ina son ji.