Rumbunan Kawu a Taswira

Shekarar da aka ɗora mini tsara rabon gidan sauro a ƙauyukan Kankia da Kusada, taswirar da ke ofishinmu da biro aka zana ta, gara kuma ta cinye gefe guda. Wata abokiyar aikina ta ce akwai shafi a intanet inda kowa zai iya sauke taswirar yankinsa kyauta, da hanyoyi da rafuka har da gidaje. Tun da na ji haka zama ya gagare ni.

Na samo shafin, sai na tarar dole mutum ya sauke ta Najeriya gaba ɗaya, sannan ya yanko yankinsa. Na danna. Abu ya kama tafiyar hawainiya, ya kai rabi, sabis ya ɗauke. Na kwashi kwamfuta da waya na fita baranda. Daga nan na koma gindin darbejiya a bakin titi, motocin Kano suna ta wucewa, ni ina ɗaga waya sama. Sau uku yana katsewa ina sakewa daga farko. Abincin rana ma a tsaye na ci. Sai washegari bayan la'asar ya kammala.

Da na buɗe, ga babban titi, ga Kafin Soli, ga gidaje kamar an watsa gero. Na ja taswirar zuwa bayan Mawashi, inda ƙauyen su mahaifiyata yake. Na ƙirga gine-ginen da aka zana, suka ninka abin da na sani. Idan haka yake ko'ina, lissafina duk ya rushe. Da safe na hau babur.

Na iske Kawu, yayan mahaifiyata, yana gyaran darni. Na buɗe masa kwamfutar a kan turmi.

"Wa ya zana wanga abu?" in ji shi.

"Mutanen nesa ne, Kawu. Hoton da aka ɗauko daga sama suke kallo su zana."

Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗora yatsa. "Nan ɗakina ne. Waɗannan huɗun kuwa rumbuna ne. Dawa za ku ba gidan sauro?"

Dariya ta ƙwace mini, amma fa ƙauyuka da yawa na jirana, damina kuma ta ƙarato.

Kawu ya ɗauki sandarsa muka zaga gida-gida. Yana cewa wannan ɗaki ne, wannan rumbu, wancan garken awaki, ni ina gyarawa. Ya kuma nuna mini inda rafi ya cinye tsohuwar hanya, wadda taswirar ke nunawa lafiya lau. Ta wannan hanyar na yi niyyar turo motar kaya.

Ya ce in tsaya a dama fura. Na sha a gurguje, na tayar da babur zuwa ƙauye na gaba.