Hular da Ba a Ɗaga Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

An binne Injiniya Abdulbaqi Nguru jiya Lahadi bayan sallar la'asar, a maƙabartar Musaimir da ke Doha. Ya rasu ranar Juma'a, 2 ga Disamba 2022, daidai da 8 ga Jumada Ula 1444, a bakin tekun Zakhira da ke arewa da birni, inda ya je nuna wa mutane tsuntsaye kamar yadda ya saba. Likitoci sun ce zuciyarsa ce ta tsaya. Ya bar matarsa, Hajiya Talatu, da 'ya'ya uku.

Ban je Zakhira ba a ranar da ya rasu. Abin da zan faɗa game da wannan safiya daga bakin waɗanda suka je na ji shi, kuma na tambaye su ɗaya bayan ɗaya. Sauran kuwa da idona na gani.

Abdulbaqi, kaɗan ne a cikinmu za su iya faɗin aikin da kake yi a kamfanin gas. Mai Tsuntsaye muka san ka. A gefen fadamar Nguru ka tashi, kuma ka sha gaya mana cewa tun kana ƙarami kake mamakin inda baƙin tsuntsaye ke tafiya idan sun bar fadama. Ka ce sai da ka zo nan ka gane kai ma irinsu ne: ka zo cin abinci, kana jiran lokacin komawa.

A shekarar korona ka fara. An rufe masallatai, an daina ziyara, kowa yana ɗakinsa yana ƙirga labarin mutuwa daga gida. Da aka ɗan sassauta dokar fita, sai ka riƙa ɗaukar mutum ɗaya a motarka ranar Juma'a bayan sallar asuba, da takunkumi a fuska, da gilashin mota a buɗe. Ba masu son tsuntsu kake zaɓa ba. Wanda ka ji muryarsa ta canza a waya kake zaɓa.

Haka ka ɗauki Fatawu Issifu, ɗan Zangon Kumasi, mai aiki a wani gidan abinci a kasuwar Souq Waqif. An rufe wurin aikinsu, mahaifiyarsa Sanatu ta rasu a Ghana, babu jirgi, aka binne ta yana kallo a waya. Ka kai shi bakin teku, wajen itatuwan nan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, ka miƙa masa madubin hangen nesa, ba ka yi masa wa'azi ba. Fatawu ya ce ya daɗe yana kallon wani zalɓe da ya tsaya da ƙafa ɗaya a ruwa, sannan kukan da ya ƙi zuwa tun ranar jana'izar ya zo. Daga nan ya zama mataimakinka. Shi ke tuƙa mota ta biyu, shi ke dafa shayi, shi ke jera mutane.

Abu ya bunƙasa har muka zama ayari. Ka kai mu teku muka ga jajayen tsuntsayen nan masu dogon wuya, da ka sa wa suna jan zalɓe don ka ce ba za ka bar su babu sunan Hausa ba. Ka kai mu hamada ka koya mana duba sawu a rairayi kafin iska ta share shi. Da aka buɗe hanyoyi, ka kai mu duwatsun Oman, inda wasunmu suka gane cewa zaman ofis ya cinye musu gwiwa.

A can dokarka ta samo asali. Ka lallaɓa ka kusanci wasu makwarwa a gefen dutse, sai wani abokinmu ya hango ka ya rangaɗa sallama, ya ɗora da tambayar gajiya, kamar yadda kowane Bahaushe mai tarbiyya zai yi. Tsuntsayen suka watse. Ka amsa sallamar har ƙarshe, sannan ka ce, "Alhaji, ladan naka ne, asarar tamu ce." Da muka sauko ka kafa doka. Kai za ka riƙa yin gaba kai kaɗai, ka bar wayarka a mota. Babu mai wuce motar, babu mai kiran sunanka, babu mai bin sawunka. Idan ka ga abin da ya kamata a gani, za ka dawo inda za mu hango ka, ka ɗaga hularka sama. Sannan mu taho a jere, shiru.

Mun koyi wani abu kuma da ba ka faɗa ba. Idan ka dawo da wuri, abin da muka saba gani ne. Idan ka daɗe, albishir ne. Na tuna wata safiya a Zikrit, can yammacin Qatar, cikin fararen duwatsun da iska ta sassaƙa. Shayi ya ƙare, rana ta fara cizo, mutane sun soma ƙorafi, sai ga hula a sama. Ka kai mu gaban wani rami a jikin dutse, ga wata ƙaramar mujiya tana kallonmu da idanu kamar garwashi. Tun daga ranar babu wanda ya sake ƙorafin jira. Daɗewarka ta zama abin murna.

Bana da gasar cin kofin duniya ta zo, Fatawu ya samu abin tsokana, tunda Ghana ce ta hana Najeriya zuwa. Yakan ce, "Maigida, duk tsuntsun Qatar ka nuna ma mutane. Mikiyar ƙwallonku fa? Ina ya sauka?" Kai kuma ka ce, "Ta fi ku hankali, ta san zafin nan." Ranar Juma'ar da ka rasu Ghana na da wasa da yamma, Fatawu na da tikiti a aljihu. Ya gayyato 'yan unguwarsu da suka zo kallon ƙwallo, don su ga cewa ba faranti kaɗai yake ɗauka a Doha ba.

Sun iso Zakhira gari ya fara haske. Motarka na nan, wayarka a kan kujera. Fatawu ya shimfiɗa tabarma, ya karanta wa baƙi doka, ya hana wani saurayi busa ƙahon 'yan kallo da ya zo da shi. Aka zuba shayi. Rana ta fito. Cikin ayarin akwai Dakta Ummukulsum, likitar yara daga Zariya, da maigidanta. Ita ce ta fara magana.

"Fatawu, anya Injiniya bai daɗe da yawa ba?"

"Dakta, sha shayi. Maigida ya daɗe haka, babban abu ya gani. Yau baƙina za su koma Kumasi da labari."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Maigidan Dakta ya miƙe zai ɗan leƙa, Fatawu ya riƙe masa hannun riga ya ce, "Alhaji, doka doka ne." Duk wanda na tambaya ya gaya mini abu ɗaya: babu wanda ya damu. Daɗi suke ji. Kowa ya kafa ido a kan gefen itatuwa yana jiran hula.

Ruwa ne ya katse jiran. Teku ta fara cikowa, Fatawu ya ga hanyar da kake bi ta soma nutsewa, ya kuma san ba ka taɓa barin ruwa ya tare ka ba. Ya cire takalmi ya shiga.

Ba ka yi nisa ba. Da an kira sunanka daga tabarmar, muryar za ta kai. Kana zaune ka jingina da itace, madubin a ƙirjinka, hular a kanka, ruwa ya kai ƙugu. Kewaye da kai ƙananan tsuntsayen bakin ruwa suna ta kiwo, wani har yana taka gefen rigarka. Fatawu ya ce abin da ya fara faɗo masa a rai shi ne: yau Maigida ya ƙure, sun yarda da shi. Sai ya tuna ba sa zuwa kusa da mai rai haka. Ba su tashi ba sai da ya yi ihu.

Dakta Ummukulsum ta yi abin da za ta iya kafin motar asibiti ta iso. Tun a wurin Fatawu ya tambaye ta ko kana da rai lokacin da suke shan shayi. Ta ce masa, "Jikinsa ya jiƙe da ruwan teku. Ba zan faɗa maka abin da ban sani ba." Ya sake tambayarta a asibiti. Ya tambayi ɗan sandan da ya ɗauki bayaninsa. Ya tambayi limamin da ya yi maka salla. Tikitin nan bai fita daga aljihunsa ba.

Ba na ɗora wa kowa laifi. Dokar mai kyau ce, da ita muka ga abubuwan da ba za mu taɓa gani ba, kuma ajali ba ya jiran kiran suna. Sai dai a duk safiyoyin da muka zauna a bayan motarka, da likitocinmu da injiniyoyinmu da masu aikin jarida irina, babu wanda ya taɓa tambayar ka abin da za mu yi idan ba ka dawo ba. Kai ma ba ka faɗa ba.

Jiya bayan jana'iza, a gidanka da ke unguwar Al Muntazah, Hajiya Talatu ta sa aka kira Fatawu bakin ƙofar ɗakin mata. Ta ce, "Fatawu, ni ma da ina wurin da na hana su zuwa. Na fi kowa sanin yadda yake ɓata rai idan aka kore masa tsuntsu. Kwanansa ne ya ƙare." Ta aiko babbar 'yarka, Fiddausi, da madubin, an wanke shi daga gishiri. Ta ce ya riƙe, ya ci gaba da kai mutane, domin akwai waɗanda ka yi wa alkawarin duwatsun Oman a watan gobe.

Fatawu bai karɓa ba. Ya ce, "Hajiya, na yarda da ƙaddara. Amma in ya tabbata Maigida yana numfashi lokacin da nake riƙe hannun mutum, khalas, shi ke nan, ba ni ƙara tsayawa gaban kowa in ce ya jira." Fiddausi ta ajiye madubin a kan tebur. Da na fito madubin yana nan.

Doha cike take da mutane a kwanakin nan, kowa da tuta da waƙa. A tashar jirgin ƙasa, idan wani ya ɗaga hula sama cikin taro yana neman abokinsa, sai in ji ƙafata ta motsa kafin in tuna.

Allah Ya jiƙan ka, Abdulbaqi, Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka. Ka fitar da mutane daga ɗakunan da suka yi musu ƙunci, Allah Ya saka maka da Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyya ga Hajiya Talatu, da Fiddausi da ƙannenta, da 'yan'uwa a Nguru da ba su samu ganin gawarka ba, da jama'armu na Najeriya da Ghana a nan Qatar. Allah Ya ba su haƙuri, Ya sanyaya zuciyar Fatawu, Ya kyautata namu ƙarshen.

Rahoton farko na asibiti ya faɗi abin da ya kashe ka, bai faɗi lokacin ba. An ce cikakken rahoton zai iya nunawa, zai iya kuma kasawa. Fatawu ya je ya tambaya yau da safe. Rahoton bai fito ba tukuna.