Ƙafafun Manzo na Bakwai

Duk wanda ya yi mako guda a unguwarmu ta San Roque ya san Mang Goryo. Shi ne gajeren nan mai dogon ƙarfe a kafaɗa, wanda ake kira in kwata ta toshe ko magudanar gonakin shinkafa ta cika da shara. Kwatocinmu talatin da ɗaya ne, na bi su da ƙafa na ƙirga, kuma babu wadda bai shiga har gwiwa ba. Shekarunsa hamsin da takwas, 'ya'ya biyar, haƙora goma sha tara.

Abu ɗaya ke cin ransa. Yana ganin bai taɓa yi wa Allah aikin komai ba. "Kowa Ubangiji ya ba shi wurinsa," in ji shi, "ni kuwa ya ajiye ni cikin kwata ya manta." Ya shiga ƙungiyar mawaƙan coci, bayan Lahadi biyu aka roƙe shi ya riƙa motsa baki kawai. Ya riƙe kyandir a jerin gwano, ya ƙona mayafin matar shugaban unguwa.

Saura masa buri guda: ya shiga cikin manzanni, wato maza goma sha biyun da Fada, limamin cocinmu, ke wanke wa ƙafa ya sumbace ta ranar Alhamis Mai Tsarki. Ni ce sakatariyar kwamitin coci, sau goma sha bakwai na rubuta sunansa, sai bana ya fito, na bakwai. Na karanta masa doka: ƙararrawa ta uku ta kaɗa ba ka kan kujerarka, mai jiran gado ya zauna. Mai jiran gadon kuwa Mang Pilo ne mai aski, wanda ya riga ya ɗinka rigarsa tun kafin a yi zaɓe.

A garinmu ba wanda ke kai wa Fada ƙafa mai datti ya wanke. Manzanni kan fara goge ƙafa tun ranar Litinin. Matar Mang Goryo, Aling Trining, ta zaunar da shi a ƙofar gida da dutsen goga da lemun tsami takwas.

"Wayyo! Trining, fata ce fa, ba gindin tukunya ba!"

"Gindin tukunyata ya fi wannan haske. Baki Fada zai sa a nan, Goryo. Baki!"

Mang Pilo ya leƙo ta kan shinge. "Ki bi a hankali, ƙanwata. In kika cire dattin duka, ba abin da zai rage sai ƙashi."

Ranar Talata ta kai shi shagon gyaran farce, ya zauna tsakanin mata huɗu yana kallon rufi. Daga nan ya sa safa biyu biyu. An zo kiransa aiki sau shida, ya ce manzo ba ya shiga kwata.

Ranar Alhamis, ƙarfe huɗu da minti ashirin, muka kama hanyar coci. Ina ɗauke da tawul goma sha biyu, shi kuma yana cikin koriyar riga har ƙasa, ya ɗaure leda a kowace ƙafa, yana takawa kamar mai tafiya kan ƙwai. A kwanar gidan Aling Sion muka tarar da ruwa. Magudana ta toshe, baƙin ruwa ya haura yana shiga ɗakin tsohuwar, wadda ta shekara uku a kwance ba ta tashi. 'Yarta na kwasa da kwano tana kuka. Maƙwabta uku suna ta zungura da gora.

"Ba nan ba ne," in ji Mang Goryo. "Ƙarƙashin gada ne. Hagu! Hagunku, jama'a, ba hagun Shaiɗan ba!"

"Kawu," na ce, "an buga ƙararrawa ta farko. Minti talatin da biyar ya rage, tafiyar kuma minti tara ce."

Ya dubi ledojin ƙafarsa. Ya dubi ƙofar ɗakin. Na ƙirga a raina har arba'in da ɗaya.

"Riƙe mini rigar, ɗiyata. In Trining ta tambaya, ki ce turo ni aka yi."

Ya shiga har ƙugu. Ya fito da ɓawon kwakwa goma sha huɗu, da tayar babur, da lema, da rabin katifa. Ruwan ya yi wani gurnani ya ja da baya. Minti ashirin da uku ke nan. Ba lokacin wanka. Ya zura rigar a kan lakar muka ruga, ruwa ya tafi da leda ɗaya, ɗayar tana binsa a idon sawu.

Mun shiga ana buga ta uku. Mang Pilo ya riga ya sa rabin mazaunansa a kan kujera ta bakwai.

"Tashi, aboki."

"Wari ya riga ka zuwa, ai shi ya kamata a ba kujerar," in ji Mang Pilo, ya miƙe yana toshe hanci.

Fada Amado ya taho a durƙushe da 'yar butarsa. Ƙafa shida na farko, ɗigo uku uku, tawul, sumba, kowace daƙiƙa goma sha biyar. Ya iso ta bakwai ya tsaya. Manzo na shida da na takwas sun karkata kamar ayaba a iska. Daga benci na biyu na ji Aling Trining tana cewa, "Lemuna takwas!"

"Fada, ka tsallake ni," Mang Goryo ya raɗa. "Ka yafe mini."

Fada ya juyo gare ni. "Kawo bokiti. Da sabulu."

Ya naɗe hannun riga ya fara dirza. Mawaƙa suka ƙare waƙarsu suka sake ɗaukowa, sau uku. Na canza ruwa sau biyu. Ina riƙe da bokitin, don haka na ji abin da suka ce.

"Shekara goma sha bakwai nake jira, Fada, ga yadda na zo. Har yau ban san me Allah ke so da ni ba."

"Wannan lakar daga ina?"

"Daga bayan ɗakin Aling Sion. Ruwa ne ya kusa kai gadonta."

"Ya kai?"

"Bai kai ba."

"To me kake tambayata kuma?" Fada ya share ƙafar, ya sunkuya ya sumbace ta. Ƙafar dama kaɗai ake wankewa, kowa ya sani, har na ɗaga bokiti zan wuce. Fada ya riƙe hannuna.

"Goryo, miƙo ɗayar."