Hambali da Ɗakin Farin Gari

Hambali mutumin Fagge ne, a nan aka haife shi, ko da yake kakansa daga Barno ya zo da fataucin kanwa bai koma ba. Ɗinkin tamfol ya gada wajen mahaifinsa, kuma duk unguwar an san in ya kama baki biyu ya haɗa, ruwan sama ba ya samun hanya. Dogo ne siriri, ba shi da yawan magana, amma yana da ido a kan abin da aka yi wa wani ba a yi masa ba. Matarsa Falmata, wadda ita ta ba ni yawancin labarin nan bayan ta tsufa, ta ce ko tuwo aka zuba sai ya leƙa kwanon na kusa da shi.

A shekarar 1956 wani Kwara, wato Balarabe ɗan kasuwa, ya buɗe wurin aiki a bayan Sabon Gari, inda ake shafa wa tamfol roba don rufe buhunan gyaɗa da kayan manyan motoci. Hambali ne mutum na farko da ya ɗauka. Robar tana zuwa a cikin duro, da kauri kamar koko. Sai a zuba mata wani farin gari mai laushi, a dama, a shafa a kan yadi, a tura cikin tanda ta gasu. Amfanin garin shi ne ya hana tamfol kamawa da wuta. In ka kanga wa tamfol ɗin ashana sai wurin ya yi baƙi ya ƙanƙance, ka janye wutar ta mutu.

Bayan shekara ɗaya aka ɗauki Raji, Bayarabe Musulmi da iyayensa suka zo daga Offa suka zauna a Sabon Gari. Ya girme shi da kaɗan ko bai girme shi ba, Hambali bai taɓa yarda ya tambaya ba. Raji ya yi makarantar boko ta 'yan shekaru, yana iya karanta rubutun da ke jikin buhun garin. Saboda haka maigida ya ba shi makullin ɗakin haɗi, inda ake dama garin da roba, da safar hannu mai kaiwa gwiwar hannu, da takunkumin rufe hanci da baki, da doguwar rigar aiki, da sabulu nasa shi kaɗai. An kuma kewaye masa wurin wanka a bayan ɗakin.

Wannan ya tsaya wa Hambali a rai. Daga inda yake ɗinki yana hango ƙofar ɗakin. Kullum da safe sai ya ga Raji yana sa kayan nan ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa, kamar alƙali zai shiga kotu. Da la'asar ya fito ya yi wanka ya sa farar riga ya hau kekensa, shi kuwa Hambali ya tafi gida da warin roba a jiki. In ya iso gida ba shi da zance sai na Raji. Yau ya hana leburori cin goro a bakin ɗakin, gobe ya ce kada a share ƙasa sai an yayyafa ruwa. Falmata ta ce masa wata rana ko dai akwai dalili ne. Ya ce dalilin ɗaya ne, mutum ya ga an ba shi makulli.

Shi Raji bai san ana yi ba. Yakan gaishe shi da Malam Hambali, ranar Juma'a ma tare suke tafiya masallaci. Da Falmata ta haihu, matar Raji, Silifat, ta zo barka da turmin atamfa. Hambali ya ce ai nuna musu aka zo yi.

Da damunar 1958 mahaifin Raji ya rasu, dole ya raka dangi Offa na wata guda. Maigida ya miƙa wa Hambali makulli. Ranar da Raji zai tafi ya tsayar da shi a bakin ƙofa yana lissafa masa abubuwa: kada ya zazzage buhu daga sama, kada ya ci komai a ciki, kayan aiki su kwana a nan, buhun da ya ƙare a naɗe a binne kada a ƙona, kuma zafin tanda kada ya wuce jan layin da ke jikin ma'auni.

“Malam Raji,” in ji Hambali, “ina wurin nan kafin ka san hanyarsa. Allah Ya kiyaye hanya.”

Takunkumin da bakin Raji ya taɓa bai ga yadda zai sa shi a nasa ba, sai ya rataye shi a ƙusa. Safar kuma ta yi masa nauyi, ya ajiye. Abin da yake so shi ne maigida ya ga aikin ya fi sauri, kuma ya yi saurin. Da hannu yake ɗibar gari, ya zazzage buhu ɗakin ya yi fari fat. Da yamma ba ya wanka a can. Rigar aikin yake tafiya da ita har Fagge, ya zauna a dakalin ƙofar gida don a gani.

A mako na biyu ƙuraje suka feso masa a wuya da hammata da duk inda gumi ke taruwa, masu ƙaiƙayi kamar ya yage fatar. Tari ya biyo baya, bakinsa kullum da ɗanɗanon ƙarfe. Ya ce zafin damuna ne. Falmata, wadda ke kaɗe rigar kafin ta wanke, ita ma hannuwanta suka yi ja, jaririyar da take goyo ta fara atishawa ba ƙaƙƙautawa. Ta ce ba za ta ƙara taɓa rigar ba. Ya yi fushi kwana biyu, sannan ya daina zuwa da ita.

Abin da ya kayar da shi tanda ne. Wata Talata da hantsi ya ƙara wuta don tamfol ya gasu da wuri, ma'auni ya haye jan layi. Tamfol ɗin bai kama ba, yadda aka yi shi ke nan, amma ya turnuƙe da wani hayaƙi mai yaji da ya cika rumfar aikin. Leburori suka watse waje suna hawaye. Hambali ya tsaya zai janyo yadin don kada a ce ya ɓata kaya, nan numfashinsa ya sarƙe, sai ɗauko shi aka yi. Kwana tara ya yi a asibiti. Likita ya ce ya yi sa'a.

Raji ya dawo ya tarar da shi a gida yana jinya. Ya zauna a zaure ya yi masa sannu, bai ce ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya. Falmata ta ce da ya faɗa ɗin da ya fi wa Hambali sauƙi. Da maigida ya so sallamarsa, Raji ne ya roƙa a bar shi, ya ce aikin ɗakin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, a sayo kaya na biyu su yi tare. Hambali ya karɓa, domin yana da iyali, amma bai taɓa yafe wa Raji wannan alherin ba.

Sai hassadar ta canza hanya. Tunda ƙa'ida ce ta ɗaga Raji, to shi zai fi shi ƙa'ida. Raji na wanke hannu sau ɗaya, shi sau uku. Shi ya ɗinka wa buhunan murfin tamfol, shi ya matsa a fasa taga ta biyu a sama don iska ta riƙa fita. Lebura ya kuskura ya zo da goro a kunci, sai ya kore shi har bakin titi. Tarin bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa, amma a shekarun da ya yi a ɗakin babu wanda ya ƙara kwanciya ta dalilin garin.

Wajen ƙarshen 1959 maigida ya kawo wani baƙo zai nuna masa wurin, ya tura ƙofar ɗakin haɗi da sigari a bakinsa. Hambali ya tare ƙofar da jikinsa.

“Maigida, yi haƙuri. Ba mai shiga nan haka, ko kai ne.”

Kwaran ya tsaya yana kallonsa, sannan ya yi dariya ya ja da baya. Ya juya wajen Raji ya dafa kafaɗarsa a gaban baƙon, ya ce lallai ya iya koyar da mutum. Falmata ta ce ranar miyar kuka ta yi da naman kai, abin da Hambali ya fi so, amma ko buɗe kwanon bai yi ba.