Ciwon cikin da ya hau mini kai a Ghuddwa

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba, wannan maganar kuwa ban taɓa yin ta ba sam.

Shekarun da Libiya ta buɗe wa 'yan Afirka ƙofa, ni da yayana Sani muka bar Damagaram, muka samu aiki a wata gonar dabino a garin Ghuddwa.

Da murɗar ciki ciwon ya fara. Na sha kanwa, na koma kan bishiya. Sai zazzaɓi da amai.

Daga nan ban san komai ba, Yaya ne ya ba ni labari. Wai na riƙa kiran mai gonar da sunan babanmu, ina cewa a kore awaki daga ɗakin. Abokan aiki suka ce iska ce, a nemo malami. Yaya ya taɓa cikina ya ji kamar dutse, ya tsayar da motar dabino zuwa Sabha.

A asibiti aka ɗebi jini, aka ɗau hoto, aka ce hanji ya fashe. Aka yi aiki. Ƙarin ruwa, allura ta jijiya, wani maganin sai Yaya ya sayo a kanti. Da rawaninsa aka ɗaure hannuna a gado don ina fizge robar ƙarin ruwan.

Yaya ya tambayi likitan, wani ɗan Sudan, ko na haukace ke nan.

Ya ce, "Kowa da ƙwayoyin cuta a hanjinsa, zaman lafiya suke. Nasa sun tsallaka cikin jini, dafin ya kai ƙwaƙwalwa. In cikin ya lafa, kan zai dawo."

Ya dawo, amma a hankali. Ranar da na fara tsayuwar salla, Fatiha ta ƙi zuwa. Na tsaya kawai. Yaya ya matso ya ce, "Bi ni, ƙanena." Yana karantawa ina maimaitawa, kullum haka har watan ya ƙare.

Gudawa ta daɗe tana damuna. Likitan ya ce maganin ya kashe har ƙwayoyin masu amfani, in riƙa shan nono.

Na gode wa Allah, na gode wa likitan da ban riƙe sunansa ba. Yaya Sani, Allah ya jiƙanka.

In mai zazzaɓi ya fara sambatu ko ya kasa gane ku, ku kai shi asibiti a ranar, ku faɗa wa likita yaushe maganarsa ta canza. Kada ku jira ya ce a kai shi. Ni a lokacin, a ganina lafiyata ƙalau.