Ɗan Amshin da Ba Ya Jira

Ana idar da sallar asuba muka faɗa bas ɗin Kuala Lumpur daga arewacin Malesiya inda muke karatu, ni da wani abokina Bakatsine mai karatun lissafi, wanda ya biyo ni don kawai ya ci shinkafar Larabawa a unguwar Bukit Bintang. Malamar da ke duba bincikena kan waƙoƙin noma ce ta turo ni taron koyon tsofaffin waƙoƙin Turai. Raina bai so ba. Ina ni ina waƙar kakannin Turawa?

Abin da ke cina daban ne. Cikin waƙoƙin da na tattaro akwai ta makaɗan noman garinmu, kuma marigayi mahaifina ɗan amshi ne a ciki. Baba ba ya jira. Kafin mai waƙa ya sauke baiti ya shigo da muryarsa mai kauri, yana jan ta ƙasa-ƙasa. Har ya rasu ana tsokanarsa da Mai Gaggawa. Ran Litinin zan miƙa wa malamata wani babin binciken, kuma na riga na cire waƙar, don kunya.

Hanya sumul, ko rami ɗaya babu, hagu da dama kwakwar manja har ido ya gaji. Sanyin motar kuwa, sai da na lulluɓa da sallaya. A wurin hutu muka sayi nasi lemak, shinkafar kwakwa a ƙunshin ganye, ringgit biyu a kuɗinsu. Bakatsine ya ce wane irin yaji ne da sukari, amma ƙunshi uku ya tashi da su.

Daga tasha jirgin ƙasa na cikin gari, LRT, ya kai mu Lembah Pantai, inda ake taron. Mai koyarwar wata dattijuwa ce 'yar asalin Sin, gajeruwa, kai fari fat. Ta ce a da mawaƙan Faransa na bin gidajen manya suna waƙar soyayya da murya ɗaya tal. Daga baya aka fara ɗora murya kan murya: wani ya riƙe ƙasa, wani ya yi ta yawo a sama, a lokaci guda. Da ta ji kaurin muryoyinmu, sai ta ce mu biyu mu riƙe ƙasan.

Aka fara. Mu kuwa, 'ya'yan tarbiyya, muka yi tsit muna jira su sauke mu amsa. Sau uku ana haka.

Dattijuwar ta ce, "Me kuke jira? Ku shigo mana!"

Na ce a wurinmu ba a katse mai waƙa. Ta yi dariya, ta ce, "Wa ya ce katsewa? Tallabe shi za ku yi."

A na huɗu na rufe ido na shiga. Wallahi abin da ya fito daga maƙogwarona muryar Baba ce.

Da aka tashi na kunna mata waƙar garinmu a waya. Ta saurara sau biyu, sannan ta tambaya, "Wane ne wannan da ke riƙe da su daga ƙasa? In ka cire shi waƙar zubewa za ta yi." Na ce mahaifina ne. Sai hawaye suka zubo mini.

Muka kwana wurin wani ɗan'uwa a Pantai Dalam, Bakatsine ya samu shinkafarsa, washegari muka juyo. A cikin bas na mayar da waƙar farkon babin. Na gode wa Allah, na gode wa malamata da ta tilasta ni, da dattijuwar nan da ba ta san Hausa ko kalma ɗaya ba amma ta ji abin da na shekara talatin ban ji ba.

Ina shiga ɗaki na kira Inna.

"Inna, ashe Baba ba gaggawa yake yi ba."

Ta ce, "Sai da ka je Malesiya ka gane? Mu da ke kai abinci gona, ai muryarsa muke bi mu san inda ake gayya."