Ranar da Na Ce wa Manaja Albarka

A zamaninmu, idan ƙungiyar matuƙa jirgin sama za ta zauna da kamfani, mutum biyu ko uku ne ke tafiya da takarda guda da biro, sai kuma bakinsu. Yanzu na ga yaran da muka koya wa tuƙi suna shiga da lauya, da kwamfuta, da wani agogon hannu mai rubuta yawan barcin da mutum ya yi. Ban ce nasu bai fi namu ba. Na dai san babu lauyan da zai yi irin kuskuren da na yi, domin sai wanda ya tashi a cikin birnin Kano bakinsa ke iya wannan suɓutar.

Ina dab da ajiye aiki abokan aikina suka naɗa ni jagoran masu magana da kamfani. Dalilinsu wai ina jin Turanci da Faransanci da Larabci, ga furfura, ba mai daka mini tsawa. Kamfanin na wani attajiri ne ɗan birni. Jiragensa kaɗan ne, mu ma kaɗan ne, shi ya sa ake juya mu kamar waina a tanda. Ka sauko daga Jidda da hantsi, kafin la'asar an bugo waya ka zo ka tafi Legas. Abu ɗaya muke nema a sabuwar yarjejeniya: duk wanda ya dawo daga doguwar tafiya a bar shi ya yini ya kwana a gidansa kafin a sake kiransa. Mun rubuta ƙarin albashi da wasu ƙananan abubuwa, amma kowa ya san barci ne damuwarmu.

Na ga yadda ake irin wannan zama a ƙasashe. Faransawa sukan fara yajin aiki, daga baya su tambayi juna me ma ake nema. Turawan Ingila su kawo takarda mai kaurin bulo, su share wata guda a kan waƙafi ɗaya. A Masar sai ka sha shayi kofi huɗu, an tambayi lafiyar danginka kaf, kafin a ce maka a'a. Da na rasa wanda zan kwaikwaya, sai na nufi kasuwar Kurmi wurin yayana.

Takalman fata yake sayarwa a rumfar da muka gada wurin mahaifinmu. Sau ɗaya ya taɓa hawa jirgi, zuwa aikin Hajji, tun daga nan ya yanke hukunci cewa aikina zama ne kawai. Direba yake kirana.

Da na gama yi masa bayani ya ce, "Direba, a cikinku wa ke saye, wa ke sayarwa?"

Na ce, "Yaya, ba kasuwa ba ce, tattaunawa ce."

"Tattaunawa ai ciniki ne da ya sa kwat. Wa ke da kaya?"

Na yi tunani na ce mu ne, tunda ƙarfinmu muke sayarwa.

"To kai ne mai rumfa, mai rumfa kuwa ba ya rawar jiki. Bari shi ya taya. Tayin farko, ko na zinare ne, ba a karɓa. Abin da ka fi so kada ka fara da shi. In ya cije, ka ɗauke takalmin daga gabansa ka mayar kan kanta, amma a hankali, yadda zai samu damar cewa dakata."

Ranar zama muka je ofis mu biyu, ni da wani kyaftin ɗan Ibadan, ƙaton mutum wanda Hausarsa ba ta wuce "ina kwana" ba. Manajan kamfanin Bature ne, shekararsa biyu a Kano, mai son Hausa kamar me. Yana da ɗan littafi a aljihu, duk kalmar da ya ji sai ya rubuta ta da fassararta. Na bar shi ya taya, kamar yadda Yaya ya ce. Ya yi doguwar magana, ƙarshenta dai za a ba mu rabin yini, sai fa in gaggawa ta taso. Mu kuwa mun san a kamfanin nan kullum cikin gaggawa ake.

Da Turanci muke magana tun safe. Amma da na ji tayin, sai na jingina da kujera, na kau da kai kamar yadda na ga mahaifinmu yana yi tun ina ƙarami, bakina ya ce, "Albarka."

Ko yaron da aka aika sayen barkono ya san abin da mai kaya ke nufi da wannan: tayinka bai kai ba, ƙara. Manaja ya zaro littafinsa, ya buɗa, fuskarsa ta washe. Ya ce wannan kalma ya santa, ita ce dattawa ke faɗa wa wanda ya kyauta musu. Ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu, ya kira sakatariya ta zo ta buga yarjejeniya.

Ɗan Ibadan ya taka mini ƙafa ta ƙarƙashin tebur. "Me ka ce masa?"

Manaja ya riga ni amsawa. "Ya sa wa tayinmu albarka."

Ɗan Ibadan ya dube ni tun daga hula har takalmi. "Kyaftin, me suka yi maka alkawari?"

Na shiga bayani, sai na tarar duk harsunan da aka zaɓe ni dominsu babu mai kalmar da ke ƙin abu tana yi masa addu'a. Na ce ma'anarta a'a. Manaja ya nuna mini littafinsa, ga shi a rubuce. Kuma da nauyi ka janye albarka daga mutumin da har yanzu yake riƙe da hannunka. A gabanmu ya buga wa Alhaji, mai kamfanin, don ya yi masa albishir. Daga inda nake ina jin dariyar da ke fitowa daga wayar. Aka miƙo mini.

"Kyaftin, ɗan wace unguwa ne kai?"

"Gwale, Alhaji, amma rumfarmu tana Kurmi, layin 'yan takalma."

"Na ji alama. Gobe bayan la'asar ku zo gida dukkanku."

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Matar wani matuƙi ta bugo wa maiɗakina cewa Kyaftin ya sayar da mazajensu, har ya haɗa da addu'a. Maiɗakin tawa ta ajiye mini abinci ta ce, "Ci, Malam mai albarka."

Gidan Alhaji yana wajen Ƙofar Dawanau. A zaure ya karɓe mu, bisa darduma, Manaja yana ta fama da inda zai sa ƙafafunsa. Alhaji da hatsi ya fara kasuwanci, ya yi wa Manaja bayanin kalmar cikin jumla biyu, shi kuwa ya soke abin da ya rubuta ya sake wani. Sa'an nan ya juyo gare ni.

"To na ƙara. Daga saukar mutum har wayewar gari."

"Albarka," in ji ni, wannan karon da saninta.

Na ɗauko maganar albashi, na bi da ta masauki, na zagaya ta kan kayan aiki. Alhaji ya bar ni na gama ya ce, "Duk waɗannan ba su ka zo sayarwa ba, a bakin rumfa ka rataye su." Sai na fara tattara takarduna ɗaya bayan ɗaya, na yunƙura kamar zan tashi.

Alhaji ya ce da Manaja, "Ka gan shi? Yana mayar da kaya kan kanta a hankali don in ce dakata. To ba zan ce ba. Kyaftin, wanda ya koya maka ya koya maka daidai, sai dai ni ma a kasuwa na yi wayo."

Na tsaya a rabin miƙewa, gwiwa tana ƙara. Ɗan Ibadan ya ce, "Ko ka tashi ko ka zauna, kana ba mu kunya." Na zauna. Dabarar Yaya ta ƙare, abin da ya rage mini shi ne maganar da ban so in yi a gaban Manaja ba, domin tana iya sa a hana ni tuƙi.

Na ce, "Alhaji, ka tuna dawowarka daga Umra watan jiya?"

"Ƙwarai. Saukar ta yi daɗi, ban ma farka ba."

"Ni na tuƙo ka. Kafin mu sauka, sau biyu na tambayi mataimakina ko mun sauke tayoyi, sau biyu yana ce mini bari ya duba. Kwana biyu rabonmu da gado. Da aka ce mini kana can baya kana minshari, wallahi har hassada na yi maka."

Alhaji ya ja carbinsa ya kai ƙarshe, ya sake komowa.

"Tayoyin dai sun sauka?"

"Ga ka nan zaune."

Ya yi ɗan murmushi wanda bai daɗe ba. "Yini da kwana. Amma ban da lokacin jigilar alhazai."

"Alhaji, lokacin ne aka fi buƙatarsa. Tsofaffin unguwarmu ne cike da jirgin."

Ya dubi Manaja ya ce a nemo ƙarin matuƙa. Sa'an nan ya ce da ni, "Amma mai saye ba ya tashi ba gyara. Maganar albashi a bar ta sai baɗi."

Na fassara wa ɗan Ibadan. Ya dubi rufin zauren, ya gyaɗa kai. Na miƙa wa Alhaji hannu na ce, "Na sallama."

Manaja ya zabura. Wannan kalmar ma ya santa, domin shi ke sa hannu a takardar sallamar ma'aikata. Ya tambaya wa ya sallami wa, kuma wa zai tuƙa jirgin Legas na gobe. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce, "Rubuta, Bature. In mai kaya ya ce albarka bai yarda ba, in ya ce ya sallama ciniki ya faɗa. Babu wanda aka kora."

Aka sa hannu ranar Litinin. Ƙarin albashi bai zo ba sai bayan na ajiye aiki, ban ci ko kwabo a ciki ba. Amma tun daga ranar, a kamfanin nan ba a ƙara kiran matuƙin da ya dawo daga doguwar tafiya ba sai ya yini ya kwana a gidansa.